Datse bishiyar inuwa: Wacce ke jurewa, kuma yaushe ya dace a sa mata gatari?

A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, daga Dawakin Tofa da Bichi da Tsanyawa zuwa Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa, da wuya a ratsa unguwa ba a ga bishiya a ƙofar gida ko a harabar masallaci ba. Darbejiya ce ta fi yawa, wadda wasu ke kira maina, wasu dogon yaro, a ƙasar Sakkwato da Nijar kuma a ce bedi. Bayanta akwai mangwaro da cediya da durumi da tsamiya. A gindinsu ake ɗaurin aure da zaman makoki, a nan almajirai ke karatu, a nan ake ɗaure tumaki idan rana ta take.

Matsalar takan taso ne idan bishiyar ta ƙasaita. Reshe ya hau kan kwanon ɗaki, ko ya kusa taɓa wayar lantarki, ko inuwa ta rufe gefen gonar maƙwabci, ko kuma maigida yana bukatar itacen rufi da na girki. Nan sai a kira mai gatari, ya hau ya yi mata askin ƙwal-kwabo, a bar gangar jiki tsaye da guntayen rassa kamar hannun da aka gundule. Wata bishiyar takan dawo ta fi da kyau. Wata kuma daga ranar ta fara mutuwa, ko da za ta ɗauki shekara biyar kafin ta faɗi.

Ragewa daban, datsewa daban

Ayyuka biyu ne ake yawan haɗawa a baki ɗaya. Na farko shi ne rage rassa: a cire busasshen reshe, da wanda kauci ya kama, da wanda ke gogar wani, da wanda ya sauko ya tare hanya. Bishiya ba ta rasa siffarta, kuma mafi yawan ganyenta yana nan. Na biyu shi ne datsewa mai tsanani, inda ake sare manyan rassa gaba ɗaya ko mafi yawansu, har a raba bishiya da kanta. Masana kula da bishiyoyi a Amurka sun daɗe suna ba da shawarar kada a cire fiye da kashi 25 cikin 100 na ɗanyen ganyen babbar bishiya a shekara guda. Duk abin da ya zarce haka da nisa, to ya shiga layin datsewa.

Datsewa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya bayyana karkarar da ke kewaye da birnin a matsayin gonaki masu cike da manyan bishiyoyi da aka bari da gangan. Bayan fiye da shekara ɗari, Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi nazarin wannan yanki mai cunkoson jama'a da gonaki. Binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna cewa manoman yankin ba su ƙarar da bishiyoyin gonakinsu ba duk da yawan bukatar ice a birni. Dabararsu ita ce ɗiban rassa a bar uwar bishiya da rai, ta yadda bishiya ɗaya za ta ba da ice da abincin dabbobi shekara da shekaru.

Sai dai bishiyar gona da ta ƙofar gida ba manufarsu ɗaya ba. Manomi yana son rage inuwa a kan geronsa, don haka datsewa riba ce biyu a gare shi. Mai bishiyar ƙofar gida kuwa inuwar ce ma dalilin dasa ta. Duk wanda ya kwaikwayi aikin gona a kan bishiyar zaure, ya kamata ya san abin da zai rasa.

Abin da ke faruwa a jikin bishiya

Ganye shi ne madafar bishiya. A nan take haɗa hasken rana da ruwa da iska ta samar da abincinta, ta ci wani, ta adana saura a cikin itacenta da saiwoyinta. Ranar da aka raba ta da ganyenta duka, madafar ta mutu, sai ta koma rumbu. Tohon nan da ke ɓarkowa bayan 'yan makonni, wanda mutane ke gani su ce bishiya ta ji daɗin sara, daga wannan ajiya ake biyan kuɗinsa. Ƙoƙari ne na gaggawa don mayar da ganye kafin rumbu ya ƙare. Bishiya mai ƙuruciya da ƙoshin lafiya tana da ajiyar da za ta kai ta. Tsohuwa, ko wadda fari ya wahalar, ko wadda aka datse bara aka sake datsewa bana, rumbunta yakan ƙare a hanya.

Akwai ɓarnar da ido ba ya gani. Idan abinci ya daina saukowa daga sama, wasu ƙananan saiwoyi sukan mutu, kuma su ne ke jawo ruwa. A ƙasa mai yashi irin ta Makoɗa da Ɗambatta, inda damina ba ta wuce wata huɗu, wannan rashi ba ƙarami ba ne.

Sai batun rauni. Jikin mutum yana warkar da miki ta hanyar sabunta nama, amma bishiya ba ta sabunta itacen da ya lalace. Abin da take yi shi ne ta killace wurin daga ciki don ruɓa kada ta yaɗu, sannan ta riƙa naɗo sabon ɓawo daga gefe har ya rufe bakin raunin. Alex Shigo, masanin cututtukan bishiya a hukumar gandun daji ta Amurka, shi ya fito da wannan bayani fili a shekarun 1970, bayan ya tsaga dubban bishiyoyi yana duba cikinsu. Ƙaramin rauni yakan rufe cikin shekara ɗaya ko biyu. Wanda ya kai faɗin faifai kuwa yana iya zama a buɗe har ƙarshen rayuwar bishiyar. Ruwan sama ya kwanta a ciki, ruɓa ta shiga, gara ta biyo baya, a wayi gari gangar jiki ta zama kogo.

Haɗarin da ya fi shafar mai gida shi ne na sababbin rassan. Reshe na asali yana da tushe mai zurfi a cikin itacen uwarsa, domin tare suka girma. Tohon da ya fito bayan datsewa kuwa daga ƙarƙashin ɓawo ya taso, riƙonsa na sama-sama ne, ga shi yana tsawo da sauri, sau da yawa kuma a gefen itacen da ya fara ruɓewa. Bayan shekara huɗu ko biyar ya yi nauyi, sai iskar farkon damina ta ɓalle shi. Ke nan wanda ya datse bishiya don tsoron kada ta faɗo wa ɗaki, idan bai ci gaba da kula da ita ba, ya ƙara kusanto da abin da yake gudu.

Masu jurewa da marasa jurewa

Darbejiya ce kan gaba wajen juriya. 'Yar asalin ƙasar Indiya da maƙwabtanta ce, kuma an shigo da ita Najeriya ta Lardin Borno a 1928, daga nan ta bazu ko'ina a Arewa. Ko an sare ta daga gindi tana tohowa, balle daga sama. A kwarin Maggiya da ke Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar CARE ta fara dasa dogayen layukan darbejiya a 1975 don kare gonaki daga iska, kuma da suka girma, datse kawunansu aka riƙa yi ana samun itacen gini da na girki, bishiyoyin suna sake tohowa. Amma juriya ba ta nufin rashin jin ciwo. Tsofaffin darbejiyoyin da ke gefen hanyoyi da makarantu, waɗanda aka sassare manyan rassansu ba bisa ƙa'ida ba, da yawansu cikinsu kogo ne.

Cediya da durumi su ma suna ɗaukar sara. Ai da reshe ma ake dasa su: a sari mai kauri, a kafa shi a ƙasa da farkon damina, ya kama. Turare, wanda aka yi shingayen kare iska da shi a yankin Ɗambatta, yana tohowa daga kututture. Zogale da lalle kuwa datsewa gyara ce a gare su, domin idan aka bar zogale sai ya zama dogon sanda mai ɗan ganye a can sama inda hannu ba ya kaiwa. Kuka tana jure ɗiban rassa saboda ganyen miya, shi ya sa kukokin cikin gari suke da gajerun rassa masu dunƙule, sai dai wadda ake yi wa haka kowace shekara ba ta cika yin 'ya'ya ba.

Akwai na tsakiya, waɗanda ba sa mutuwa amma suna karɓar diyya. Mangwaron da aka datse sosai yakan yi shekara biyu ko uku bai yi 'ya'yan kirki ba. Ɗorawa ma haka. Binciken da Jules Bayala da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 daga Burkina Faso ya nuna cewa datse kan ɗorawa da kaɗanya yana ƙara amfanin geron da ke ƙarƙashinsu. Sai dai kalwar daddawa da garin ɗorawa da makuba suna tafiya tare da rassan, kuma a gidaje da yawa wannan kuɗin shiga na mata ne, alhali geron na maigida ne. Lissafi ne da ya kamata a yi shi a cikin gida kafin a hau bishiya.

Gawo yana da nasa hali. Shi ne ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Makiyaya sukan sassare shi da bazara don dabbobi. Idan saran ya yi tsanani, 'ya'yansa da dabbobi ke so sukan ragu na wasu shekaru, kuma yakan rikice ya fitar da ganye a cikin damina, wato ya rasa abin da ya sa manomi ke ƙaunarsa.

Tsamiya da kanya masu jinkirin girma ne. Abin da gatari ya cire a wuni ɗaya, sai yaron da aka haifa ranar ya yi wayo kafin ya dawo. Giginya da goruba da dabino kuwa ba a ma maganar datse su, domin kowane kai ƙwaya ɗaya tal yake da ita ta tsiro, idan aka sare ta wannan kan ya mutu ke nan. Haka bishiyar adon nan mai rassa hawa-hawa kamar lema, 'yar asalin Madagaska, da ake dasawa a makarantu da gidajen mai da sababbin gidaje: kyanta a siffarta yake, idan aka cire mata kai za ta rayu, amma tsarin hawa-hawan ba ya komawa yadda yake.

Shekarun bishiya sun fi jinsinta muhimmanci a wasu lokuta. Hausawa na cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bishiyar da aka fara datsewa tun rassanta ba su wuce kaurin damtse ba, aka kuma riƙa komawa wuri ɗaya duk bayan shekara biyu ko uku, takan yi wani dunƙulallen ƙulli a wurin, wanda ke rufe rauni da sauri ya kuma fitar da toho. Haka ake yi wa bishiyoyin titi a biranen Faransa da Ingila, wasunsu sun haura shekara ɗari ana yi musu. Wannan daban yake da a zo wa bishiya mai shekara 40 da ba a taɓa taɓawa ba a sare rassa masu kaurin turmi. Ga irin wannan, in dai ba ruɓa ko karaya ce ta tilasta ba, rage ta a hankali cikin shekara biyu ko uku ya fi.

Wane lokaci?

Nan ne bukatar mutum da ta bishiya suke karo. Damina a arewacin Kano takan kankama a watan Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai kaka, sai hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, sai bazara daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura maki 40.

Mafi yawan sara ana yin sa ne bayan girbi, kuma dalilin a fili yake: hannu ya samu sarari, gona babu shuka, ana bukatar ice don jin ɗumi da gyaran danga da rumbu. Ga rage rassa, wannan lokaci ba shi da laifi, domin iska a bushe take, rauni ba ya jiƙa. Ga datsewa mai tsanani kuwa, bishiyar da aka tuɓe a Disamba za ta yi wata biyar ko shida tana fitar da toho daga ajiyarta babu ɗigon ruwa. Ɓawon da ya saba zama a inuwa zai sha ranar Afrilu kai-tsaye, ya ƙone ya tsage. Mutanen gida kuma za su shiga bazara babu inuwa, a daidai lokacin da ɗakin kwano ba ya zaunuwa da rana.

Tsakiyar damina ma ba ta dace ba. A watan Agusta rauni ba ya bushewa, ƙwayoyin ruɓa suna yawo a iska mai laima, jikin bishiya yana santsi ga mai hawa, rassan kuma za su faɗa kan shuka.

Abin da ya rage shi ne ƙarshen bazara, makonni kaɗan kafin ruwa ya sauka, wato daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu. Raunin zai samu 'yan kwanaki ya bushe, ruwa kuma yana tafe da zai ciyar da sabon toho, sannan an rage nauyin bishiyar kafin iskar farkon damina mai yaye rufi. Inuwar da za a rasa ta 'yan makonni ce maimakon rabin shekara. Ga darbejiya da cediya da durumi da turare, wannan ne lokacin da ya fi dacewa da hankali. Idan akwai bishiya fiye da ɗaya a gida, a datse ɗaya bana a bar ɗaya sai baɗi ko baɗin baɗaɗa.

Masu 'ya'ya kuwa ƙa'idarsu ita ce a jira a gama ɗiba. Mangwaro yana fure da hunturu ya nuna da bazara, don haka wanda ya sare shi a Janairu ya sare amfanin shekarar. Sai an sauke 'ya'yan. Ɗorawa ma sai an gama ɗiban ta a ƙarshen bazara. Reshen da ya bushe, ko ya tsage yana lilo a kan ɗaki ko hanya, shi ba ya jiran wata. Shekarar da damina ta yi gardama kuwa, ya fi kyau a ɗaga datsewa gaba ɗaya, domin rumbun bishiyar bai cika ba.

Yadda ake yankan

Gatari da adda su ne a hannun kowa, amma zarto ya fi barin rauni mai santsi. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi inda ya haɗu da uwarsa. Wannan kumburi shi ne ke naɗo ɓawon da zai rufe rauni, don haka ba a shafe shi, ba a kuma barin dogon guntu a gabansa wanda zai bushe ya zama ƙofar gara. Daidai bakinsa ake yankewa.

Reshe mai nauyi sau uku ake yankansa. A fara tsaga shi kaɗan daga ƙasa, kimanin kamu ɗaya daga gindinsa. A koma sama, a ɗan gaba da wannan tsagar, a yanke har ya faɗi. Sannan a cire guntun da ya rage a bakin kumburin. Wanda ya sara daga sama kawai, nauyin reshen zai yage ɓawo ya sauko da shi har gangar jiki. Inda aka yanke a tsaye kuma, a karkata shi don ruwa ya zurare.

Shafa baƙin mai ko kwalta ko fenti a kan rauni al'ada ce da ta yaɗu, amma binciken Shigo da na waɗanda suka biyo bayansa bai nuna tana hana ruɓa ba, wani lokacin ma laima take kullewa a ciki. Tsayin da za a datse ya kamata ya wuce bakin dabbobi, wato mita 2 zuwa 2 da rabi saboda awaki da shanu. Inda raƙuma ke wucewa sai a ƙara, domin raƙumi yana kai baki sama da mita 3. Reshen da ke kusa da wayar lantarki kuwa ba aikin mai gatari ba ne. Ma'aikatan KEDCO ake sanarwa su kashe layin tukuna.

Haƙƙin maƙwabci da na hukuma

Bishiya a ƙasar Hausa tana da mai ita, ko da a gefen hanya take. Wanda aka ba aron gona ko jinginarta, a bisa al'ada, bai mallaki ikon datse ɗorawa ko tsamiyar da ke ciki ba sai da yardar mai gonar. Idan kuma rassa suka tsallaka gidan maƙwabci suna cutar da katangarsa, fiƙihun Malikiyya ya tanadi hukunci. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, wanda alƙalan Arewa ke aiki da shi har yau, yana da fasali na musamman kan cutarwar bishiyoyi, kuma abin da ake cirewa shi ne ɓangaren da ke cutarwa. Yawancin irin wannan saɓani yakan ƙare a gaban mai unguwa ko dagaci ba tare da an je kotu ba.

Ta fuskar hukuma, a 2025 Gwamnatin Jihar Kano, ta hannun Ma'aikatar Muhalli da Sauyin Yanayi, ta sanar da hana amfani da injin zarto wajen sarewa ko datse bishiya ba tare da izini ba. Duk mai shirin ɗauko mai inji, ya fara tuntuɓar malamin daji na ƙaramar hukumarsa.

Bayan an datse

Aikin ba ya ƙarewa ranar da rassa suka sauka. Cikin damina ta farko kowane guntu zai fitar da toho da yawa a cunkushe. Idan aka bar su duka, za su yi ta rige-rigen neman rana su fito sirara marasa ƙarfi. Bayan damina sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙwari a kowane guntu, waɗanda suka fuskanci waje, a cire sauran. Wannan ita ce dabarar da manoman Maraɗi suka shahara da ita tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara ƙarfafa musu gwiwar rainon tohon kututture a gonakinsu maimakon ƙone shi, aikin da ake kira sassaben zamani.

Bishiyar cikin gida tana amfana da ruwan alwala da na wanke hatsi a gindinta kafin damina ta zauna, da ɗan taki a warwatse nesa kaɗan da gangar jiki. A riƙa duba bakin raunin: idan sabon ɓawo yana naɗowa daga gefe kamar leɓe, tana samun sauƙi. Idan kuwa gara ta yi gini a wurin, ko ɓawo yana ɓamɓarowa, ko aka ƙwanƙwasa aka ji amon kogo, to a rage nauyin rassan da ke saman wurin kafin iskar baɗi, a kuma dasa wata a kusa tun yanzu, domin darbejiya ma takan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar kafin ta yi inuwar da za a shimfiɗa tabarma.